Hoton Mai Rai a Teburin Magabata

A jakar aikina akwai hotunan mamata goma sha huɗu, kuma a cikinsu babu wanda uwa ta taɓa haifa. Editanmu ne ya haɗa mini su a kwamfuta, goshin wannan da hancin wancan, har akwai wata tsohuwa da kunnuwanta ba su yi daidai da juna ba. Ni ce mai kula da kaya a wani ƙaramin kamfanin fim a birnin Can Tho. Gajerun finafinai muke yi, na minti ashirin, biyu a mako, mu sa a intanet: suruka da matar ɗanta, mai tallan tikitin caca da ya tsinci jaka, 'ya'yan da suka tafi Saigon suka manta hanyar gida. Labarin talakawa dai, irin wanda mata ke kallo a waya suna gyaran ganye a kasuwa.

Tunda a ƙasarmu babu gidan da ba shi da teburin magabata, inda ake ajiye hotunan mamatan gida ana kunna musu turare, kowane fim sai na kafa ɗaya, da tulun furanni, da ayaba, da kaskon turare, da hoto. Hoton ne matsalar. Babu mai hankalin da zai yarda a ɗora hotonsa a teburin nan yana raye, a kunna masa turaren tsinke, a rusuna masa. Kiran mutuwa ne da baki, kowa ya sani, har masu cika baki cewa su ba ruwansu da camfi. Shi ya sa nake yawo da mutanena goma sha huɗu, waɗanda ba su da dangin da za su zo su tayar mini da rigima.

Kawu Bay yana cikin masu cike wuri a finafinanmu. Shi ne tsohon da ke wucewa a keke a bayan jaruma, shi ne mai shan kofi a kusurwar shago, shi ne maƙwabcin da ke leƙe ta kan shinge idan ana faɗa. Maganarsa mafi tsawo a fim ita ce, "Ku yi haƙuri mana, ku 'yan'uwa ne." Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaure igiyar jirgin fito, har aka gina gada, jirgin ya daina aiki. Bai taɓa aure ba. 'Yan'uwansa duk sun rasu, 'ya'yansu kuma sun watse, ko sun gan shi a hanya ba za su gane shi ba. Ɗaki guda yake haya a wani lungu bayan kasuwa.

Ko ranar da babu fitowarsa yana zuwa. Ya naɗe wayar lantarki, ya riƙe wa wani laima, har a kai lokacin abincin rana. Da farko na ɗauka shinkafar kyauta ce ke kawo shi, har na taɓa yi masa gori. Daga baya na lura rabin kwalin shinkafarsa kawai yake ci. Zaman yake so, a shimfiɗa leda a ƙasa, mutum goma sha biyu a kewaye, ana miƙa wa juna barkono ana gulmar darakta yana ji.

Ana gobe za mu ɗauki wani fim a kan 'ya'ya uku da suka taru ranar tunawa da rasuwar mahaifinsu suka ɓige da rigimar gona, ina zaune a barandar ofis ina goge gilashin firam ɗin hoto, sai ga shi da ambulan a hannu.

"Tham, 'yata, wa za ki ɗora gobe?"

"Mai gashin bakin nan. Ya kwana biyu bai mutu ba."

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini ambulan ɗin. Hotonsa ne, sabo fil, da farar riga mai kwala, ya taje gashi da mai, a bayansa shuɗin labule irin na gidan hoto.

"Ki sa wannan."

"Kawu, da giyar shinkafa ka karya yau?"

"Shayi kawai na sha."

"To mayar da abinka aljihu. Ba za a ce da hannuna na aika ka ba."

Ya zauna a kan akwatin fitilu, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Shekaruna saba'in da huɗu," in ji shi. "Ranar tunawa ta mutane na je ta fi ɗari. Na jera kujeru, na fasa ƙanƙara, na ci, an ƙulla mini ragowa a leda na tafi da ita. Duk gidan da na je sai na kalli hoton da ke kan tebur, in ce wannan ya more, an dafa masa abin da yake so, an kira shi ya zo ya ci. Ni tawa babu mai yi. Kin sani, na sani. Ina so in ga yadda za ta kasance, ko sau ɗaya, ko ta ƙarya ce."

Haushi ya kama ni, kuma na san dalili. Shekaruna arba'in da shida, ba miji ba ɗa. Ni nake yi wa mahaifiyata tata ranar tunawar, ni kaɗai a ɗakina, kuma wannan tunanin da ya fito da shi fili ina yinsa a ɓoye duk shekara, ina wanke kwanoni. Ban so wani ya faɗe shi da ƙarfi a gabana ba. Na ce ya je ya gaya wa darakta, da nufin darakta ya kore shi.

Khoa, daraktanmu, ɗan shekara talatin ne mai saurin baki. Ya ce a'a sau uku kafin ya kalli hoton. Da ya kalla sai ya kasa ɗauke ido. Duk wanda ya daɗe da mutanena na kwamfuta ya san idanunsu babu kowa a ciki. Wannan kuwa fuskar mutum ce da rana ta gasa a kan kogi.

"Kawu, ka san abin da zai biyo baya?" in ji Khoa. "Masu kallonmu ba sa mantuwa. In na kashe ka a wannan fim, ba zan nuna ka a kan keke a na jibi ba. Za su cika mana wurin sharhi da cewa fatalwa ta fito. Sai ka zauna a gida har bayan sabuwar shekara."

"Na ji."

"Wata takwas ne fa."

"Na ce na ji, ɗana. Ai na iya ƙirga wata."

Ya juyo gare ni har da murmushinsa.

"Tarwaɗa nake so, a dafa a tukunyar ƙasa, masoro da yawa, kada a cika sukari. Da miyar garahuni. Agwagwa kada ki sa, ba na cin ta."

"Mamaci ba ya zaɓen abinci," na ce.

"Ai shi ya sa nake zaɓa tun yanzu."

Gidan da aka ba mu aro yana bakin wani rafi a Phong Dien. Kamar kullum, Khoa ya kunna turare a teburin masu gidan ya nemi izini, na rufe shi da jan ƙyalle, na kafa namu a ɗaya bangon. Kawu Bay ya riga kowa zuwa, da kifinsa a leda, ya sayo da kansa don bai yarda da zaɓina ba. Na dafa a madafin masu gida yana tsaye a kaina yana cewa in ƙara masoro, har na ce in ya ƙara magana zan sa masa agwagwa. Na ɗora firam ɗin a kan tebur. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa, hannayensa a baya, ya daɗe yana kallo.

"Ki ɗan matsar da ayabar," in ji shi. "Ta rufe mini haɓa."

Tunda bai kamata kyamara ta hango shi ba, aka ba shi kujera a waje, ƙarƙashin mangwaro, kusa da Khoa, inda aka ajiye ɗan talabijin da darakta ke kallon abin da ake ɗauka. Nan ya zauna tun safe, a wajen gidan da ake yi masa biki.

Diem, wadda ta fito a babbar 'ya, ta ja ni bayan labule tana shafa hoda.

"Yaya Tham, yara biyu gare ni a gida. Ni ba zan rusuna wa mai rai ba."

"Je ki gaya wa Khoa."

Ba ta gaya masa ba. Dabara ta yi. Da aka ce a fara, ta ɗauki tsinken turare uku a tsakanin tafukanta, ta tsaya a gaban tebur, ta karkata jikinta kaɗan zuwa dama, ta rusuna wa tulun furanni. Mazan biyu da suka fito a ƙannenta suka gani, suka yi irin nata. Daga inda kyamara take babu mai ganewa, kamar hoton suke fuskanta sak. Ni da nake tsaye a gefen ɗaki na ga komai, ban kuma tona su ba, domin da ni ce haka zan yi.

Diem ta iya kuka, shi ne sana'arta. Hawaye ya zubo mata, muryarta ta karye, ta ce, "Baba, yau ranarka ce. Mun dafa maka kifin da kake so. Ka dawo gida ka ci abinci tare da mu."

Daga ƙarƙashin mangwaro aka ji wata murya a hankali ta ce, "To."

Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya waiwaya. Khoa, wanda kan yi masifa in kaza ta yi kuka a tsakiyar ɗauka, ya share maƙogwaro kawai ya ce a sake. Na leƙa ta taga. Kawu Bay ya rufe bakinsa da hula, idonsa a kan talabijin ɗin, yana ba Khoa haƙuri da kai. Sau shida aka sake fitowar, sau shida Diem ta kira tulun furanni Baba, shi kuma bai ƙara amsawa da ƙarfi ba, sai dai leɓensa da nake gani yana motsi.

Da rana ta yi tsaka aka gama. A ranar tunawa ta gaskiya, in turare ya cinye sai a sauko da abincin, kowa ya zauna a ci, a ƙulla wa baƙi ragowa. Mu ma a wurin aiki ba ma barin abincin tebur, kafin in juya an wawashe shi. Ran nan na sauko da tukunyar kifi da miya da shinkafa na jera a teburin tsakar ɗaki, Kawu Bay ya shigo ya zauna, ya gyara kujerun da ke gefensa.

"Ku zo mana," in ji shi. "Ai ya huce."

Wani ya ce cikinsa ba daɗi. Diem ta ce tana rage ƙiba. Mai ɗaukar sauti ya tuna ya bar waya a babur. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki kwalayen shinkafar da aka kawo daga shago suka fita ƙarƙashin mangwaro. Abincin da aka miƙa wa mai rai a teburin mamata, babu wanda ya san abin da ke cikinsa, babu kuma mai son ya gwada.

Ni na zauna. Ina faɗin wannan ne ba don a yabe ni ba, domin da kwalina na zauna, a gabansa, ina cin tawa shinkafar shago. Ya ɗebo tsokar kifi mai kyau, ta tsakiya, ya ɗora mini a kan shinkafa.

"Ɗanɗana ki ji hannunki."

"Zan ci, Kawu."

Na tura ta gefen kwalin da tsinken cin abinci, na ci gaba da cin shinkafa ina zagaye ta. Tsoro nake ji, ni da na dafa kifin da hannuna. Ya gani. Sai ya ci nasa a hankali, ya yaba masoron, ya ƙulla ragowar a leda da kansa ya rataya a kan kekensa.

Fim ɗin ya yi kasuwa fiye da duk wanda muka saki a wannan shekara. Bayan kwana uku ya zo ofis don in karanta masa sharhin masu kallo, saboda rubutun waya ya yi wa idonsa ƙanƙanta. Wata ta rubuta cewa tsohon da ke cikin hoton ya yi kama da babanta, ta yi kuka har ta kasa cin abinci. Wani ya ce daga ganin fuskar nan mutumin kirki ne, ya huta lafiya. Wata a ƙasar Koriya ta ce shekara tara ba ta je ranar tunawa da mahaifinta ba, gobe za ta kira gida.

"Sake karanta mini ta farkon," in ji shi.

Na sake.

"Mutum nawa suka rubuta?"

"Sun fi dubu biyu."

"Dubu biyu," in ji shi, ya yi dariya har da tari. "Ko shugaban unguwarmu bai samu haka ba."

Bayan nan ya zo wurin aiki sau uku, babu fitowa, don zaman abinci kawai. Amma zaman ya canja. Wani ya ce, "Ga mamaci ya zo cin shinkafa," aka yi dariya, shi ma ya yi. Sai dai a kan ledar nan gefensa na dama da na hagu babu kowa, kuma wanda ya miƙa masa barkono yakan ajiye a ƙasa ne ya ɗauka. Ba mugunta ba ce, kowa yana son sa. Jikin mutane ne kawai ke ja da baya. A zuwa na uku ya ce gwiwa na damun sa, hanyar ta yi masa nisa a keke. Na ce zan leƙo shi. Fim biyu a mako muke yi, kullum ina cewa ranar Lahadi.

Sabuwar shekara ta zo ta wuce. A wata na biyu Khoa yana neman tsohon da zai zauna a shagon aski, ya ce, "Yaya Tham, kira mana Kawu Bay, yanzu kam an manta." Na kira, wayar a kashe. Na hau babur na tafi lungun.

Ɗakin a buɗe yake, an yi masa sabon fenti, wasu takalman mata a bakin ƙofa. Mai gidan, Goggo Muoi, tana zaune tana ɓare tafarnuwa. Da na ambaci sunansa ta ajiye wuƙar.

"Ke 'yarsa ce?"

"A'a, tare muke aiki."

"Ai ya rasu tun kafin sabuwar shekara. Na je ƙauye wurin 'yata da ta haihu, na dawo na tarar da ƙofa a kulle ta ciki. Hukumar unguwa ce ta yi komai, ta sa aka ƙona gawar. Tokarsa tana gidan ibada na bakin gada, a layin waɗanda ba a zo nema ba."

"Wace rana, Goggo?"

"Na tafi bakwai ga watan sha biyu yana shanya riga, har ya ce in gaishe da jinjiri. Na dawo sha shida."

"A tsakani wace rana?"

"'Yata, wa zan tambaya?"

Na tsaya a lungun nan na rasa abin yi da hannuwana. Ranar tunawa ranar rasuwa ce, babu rana babu biki. Mutumin da duk burinsa a samu rana guda a shekara a kira shi, ya tafi ko ranar bai bari ba, saboda babu wanda ya buga masa ƙofa cikin kwana tara.

A ofis aka yi jimami, sannan aka fara abin da na san za a yi. Diem ta ce ai ita tun ranar ta faɗa. Wani ya ce hoton ne ya ja shi. Na yi musu tas, na ce tsoho ne mai shekara saba'in da huɗu da tari, su rufe mini baki. Ban ce musu sauran ba, cewa hoton bai hana kowa zama kusa da shi ba, mu ne muka matsa. Ban faɗa ba domin ni ce na ce zan leƙo shi.

Hoton yana jakata duk wannan lokaci, a tsakanin mai gashin baki da tsohuwa mai kunnuwa. Na cire shi. Na duba takardar tsarin aikin bara na samo ranar da muka yi ɗaukar, na nemo ta a kalandar wata: sha tara ga wata na biyar. Ita kaɗai ce ranar da na san an taɓa kiran sa ya amsa.

Da ranar ta zagayo na ce wa Khoa ba ni da lafiya. Ba a haɗa baƙo da dangi a tebur ɗaya, don haka na kafa masa ɗan katako a gefen na mahaifiyata, ƙasa kaɗan, na roƙe ta ta yi haƙuri da maƙwabci, ba shi da surutu. Na dafa tarwaɗa a tukunyar ƙasa, masoro da yawa, sukari kaɗan, da miyar garahuni. Na matsar da ayaba don kada ta rufe masa haɓa. Na kunna tsinke uku, na daidaita ƙafafuna har na tabbata fuskarsa nake kallo sak.

"Kawu, yau ranarka ce," na ce. "Ka zo ka ci abinci tare da ni."

Na ɗan jira. Babura na wucewa a titi, maƙwabciyata na kallon wani fim ɗinmu a waya, ina jiyo muryar Diem ta bango. Daga ɗakina ba a ce komai ba.

Da turaren ya cinye na sauko da tukunyar, na zauna a ƙasa, na ɗebo tsokar tsakiya na ɗora a kan shinkafata. Masoron ya yi yawa, har ya sa ni hawaye. Na cinye ta duka.